Alfadari, Bunsuru da Ƙwallon Sojoji: Amsa Ga Majalisar Banga

TAMBAYA: Muna zamne majalisa bayan sallar isha'i, sai wani yaro ya gwada muna wani bidiyo cikin waya. Filin ƙwallo na, cike da sojojin Amurka, wasu da tufafi masu ruwan toka, wasu da baƙaƙe, ga alfadari ga bunsuru an yi musu ado ana ja. Munka yi ta gardama, wasu sunka ce faretin yaye sojoji na, wasu sunka ce wasa na. Don Allah mi ya haɗa makarantar soja da ƙwallo, kuma mi ya kawo bisashe ciki? Mu ma muna da irin wannan ga makarantun sojanmu? Na tambaya don ina da ƙane wanda ba ya da aiki sai ƙwallo, kuma shina son shiga NDA. Ko iya ƙwallo na sa a ɗauke shi? Daga wani mai karatu, Banga, ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, jihar Zamfara.

AMSA: A gaishe mini da majalisa, a kuma gaya musu ba wanda ya faɗi a wannan gardama. Abin da kuka gani wasa ne, amma da fareti ake buɗe shi. Karawa ce da ake yi sau ɗaya a shekara, cikin watan Disamba, tsakanin makarantar hafsoshin sojan ƙasa ta West Point, wadda aka kafa a 1802 a bakin kogin Hudson a jihar New York, da ta hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis a jihar Maryland, wadda aka kafa a 1845. Masu ruwan tokar su ne 'yan West Point, masu baƙaƙen kuwa 'yan ruwa ne. Kafin a taɓa ƙwallo, ɗaliban kowace makaranta, sama da dubu huɗu-huɗu, sai sun shigo filin sahu-sahu sun cika shi, sannan su hau inda aka ware musu.

Ƙwallon kansa ba irin wanda ƙanenka yake bugawa ba ne. Nasu dogo ne mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa a ruga, ko a jefa wa abokin wasa. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare kamar namu, amma aikin abokin gaba shi ne ya rungume mai ƙwallo ya kai shi ƙasa, shi ya sa kowa ke sanye da hular kwano da matashin kafaɗa. Ana ba masu ƙwallo dama huɗu su ci yadi goma na fili. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun waɗancan. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya samu maki shida. Wato wasa ne na cin ƙasa taku-taku, ana tsayawa ana shawara a sake afkawa, kuma kana gani ka san dalilin da ya sa ya kwanta wa soja a rai.

Asalin karawar tsokana ce. A 1890 'yan ruwa, waɗanda sun riga sun daɗe suna wasan, suka aika wa West Point goron gayyata, alhali sun san ba ta da ko ƙungiya. Wani ɗalibi mai suna Dennis Michie, wanda mahaifinsa malami ne a makarantar, ya nace har hukuma ta yarda, ya tara abokansa ya koya musu abin da ya sani. Ranar 29 ga Nuwamba 1890 'yan ruwa suka zo har gida suka lallasa su 24 da babu. Da shekara ta kewayo 'yan ƙasa suka bi su Annapolis suka rama, 32 da 16. Shi Michie bai daɗe a duniya ba, an kashe shi a yaƙin da Amurka ta yi da Sifen a Kuba a 1898. Filin wasan West Point da aka buɗe a 1924 sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Tun ba a je ko'ina ba abin ya so ya fi ƙarfin wasa. Bayan karawar 1893, wani janar da wani babban hafsan ruwa suka yi cacar baki a kan sakamakon, har aka kusa fitar da bindigogi. Gwamnatin Shugaba Grover Cleveland ta hana makarantun biyu haɗuwa, ba su sake karawa ba sai 1899, kuma aka kai su birnin Philadelphia, garin da ba na kowa ba a cikinsu. Galibin karawar da aka yi tun daga nan can aka yi ta.

Bisashen da kuka gani daga wannan zamani suka fito. Ma'aikatan jiragen ruwa na dā sukan tafi da awaki a cikin jirgi saboda nono da nama, ga shi akuya ba ta zaɓen abinci. A 1893 ma'aikatan wani jirgin yaƙi suka ba makarantar Annapolis bunsuru, aka zo da shi fili, suka yi nasara, sai aka ce ƙafarsa ce mai sa'a. Duk bunsurun da ya gaji wannan kujera yanzu Bill ake ce masa, sai dai a ƙara masa lamba, kamar yadda ake ƙidayar sarakuna masu suna ɗaya. A 1899 wani hafsa a ma'ajin kayan soja na Philadelphia ya ga bai kamata a bar nasu hannu rabbana ba, ya samo wani alfadari da ke jan amalanken ƙanƙara, aka yi masa ado aka kai shi. Suka ci 17 da 5. Zaɓen ya dace, domin alfadari ne ya yi wa sojan ƙasa dakon bindigogi da guzuri kafin zuwan mota, ga juriya ga taurin kai.

Daga nan aka shiga sace-sace. A 1953 'yan West Point suka je da dare suka ɗauke Bill, sai da maganar ta kai ga Shugaba Eisenhower, wanda shi ma tsohon ɗalibin West Point ne, ya ce a mayar wa masu shi. A 1991 'yan ruwa suka rama, suka yi shigar burtu suka kwashe alfadaran West Point guda huɗu. Shekarar da ta biyo baya shugabannin makarantun suka sa hannu a takardar hana wannan ɗabi'a, amma takarda ba ta hana ba gaba ɗaya. Na san wanda ke zaune tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, inda aka kore garake aka bar masu su da igiya, ba zai ji daɗin dariyar satar dabba ba, kuma da gaskiyarsa. Bambancin kawai, wannan ɓarawon kowa ya san gidansa, yana ba dabbar abinci, kuma ranar wasa ko kafinta zai dawo da ita a gaban jama'a.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar al'amarin. Idan kana son fahimtar wannan wasa, kada ka auna shi da Kano Pillars da Enyimba, ko Barcelona da Madrid. Ka auna shi da wasan taubasai. Ɗan mace da ɗan namiji sukan tsokani juna, su ƙwace wa juna hula, a bi juna kuɗin shara a watan cika-ciki, mai kallo daga nesa ya zaci gaba ce. Ranar da aka yi rasuwa a gidan, su ne a gaba wajen haƙa kabari. Haka Bagobiri da Bayarabe, haka Bafillace da Babarbare. Tsokanar tana da ƙa'ida, tana da lokaci, kuma ba a yin ta sai da wanda aka haɗa wani abu da shi. Waɗannan samari da ke kayar da juna a fili, bayan 'yan watanni tuta ɗaya za su yi wa rantsuwa, wani ma jirgin ɗan'uwansa ne zai kai shi bakin daga.

Dubi al'adun ranar ka gani. Kowace shekara makarantun kan yi musayar ɗalibai kaɗan su yi zango ɗaya na karatu a wajen abokan hamayya. Ranar wasa sai a fito da su tsakiyar fili a matsayin fursunonin yaƙi, a yi musayarsu, kowa ya ruga wajen 'yan'uwansa ana shewa. Shugaban ƙasa, in ya halarta, ba ya zama ɓangare ɗaya. Theodore Roosevelt ne ya fara zuwa yana kan mulki a 1901, kuma al'ada ita ce a hutun rabin lokaci shugaba ya ƙetare fili ya koma ɗaya ɓangaren, kamar uba mai raba kwana tsakanin ɗakuna. A 1942, da yaƙin Hitila ya sa aka taƙaita tafiye-tafiye, ɗaliban West Point ba su samu zuwa Annapolis ba, sai aka umarci wani kaso na 'yan ruwa su koyi kirarin abokan hamayyarsu su zauna su yi musu. Suka yi, don umarni ne, amma 'yan ruwan ne suka ci. Mafi daɗin gani a wurina shi ne ƙarshen wasa. Ana tashi, 'yan wasan duka biyu sukan taru su je gaban ɗaliban da aka cinye, su tsaya cik a rera taken makarantarsu, sannan a juya gaban waɗanda suka ci a rera nasu. Shi ya sa burin kowane ɗan wasa a can shi ne a rera nasu a ƙarshe. Wanda ya kayar da kai sai ya tsaya maka tukuna kafin ya yi murna.

Me ya sa hukumar soja ta ɗauki wasa da wannan girma? Ba sai mun je Amurka neman amsa ba. Ku da kuka tashi a ƙasar da aka yi su Shago, kuka ji Ɗan Anace yana zuga su, kun san harshen dambe harshen yaƙi ne: akwai rundunar Kudu da ta Arewa da Guramaɗa, wanda ya kai ƙasa an ce an kashe shi, alhali zai tashi ya karkaɗe jiki. Mutanen dā sun san ba a gane jarumi ranar yaƙi, tun a dandali ake gane shi. Ƙaramar hukumarku ma sunan sarautar yaƙi take ɗauke da shi, Ƙaura, da sunan Namoda na Alibawa, wanda ya yi fice a yaƙe-yaƙen jihadi har zuwa cin Alƙalawa a 1808. Janar Douglas MacArthur, da ya shugabanci West Point daga 1919 zuwa 1922, ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da irin wannan ra'ayi, ya wajabta wa kowane ɗalibi shiga wani wasa na gasa. Eisenhower kansa ɗan wasan ƙungiyar ne a 1912, har ya kara da shahararren Jim Thorpe, kafin ciwon gwiwa ya raba shi da fili. Ajinsu na 1915 mutum 164 ne, 59 daga ciki suka zama janar, har da Omar Bradley wanda shi ma ya buga.

Ganiyar ƙungiyar West Point ita ce 1944 zuwa 1946, ƙarƙashin mai horarwa Earl Blaik, shekara uku ba wanda ya doke su. Doc Blanchard da Glenn Davis suka karɓi kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'in ƙasar, ɗaya a 1945 ɗaya a 1946. Amma kada in nuna maka fuska ɗaya. A 1951 aka gano ana satar amsar jarrabawa a makarantar, kuma 'yan ƙwallo ne a tsakiyar abin. Dokar ɗaliban West Point ta hana ƙarya da maguɗi da sata, kuma wanda ya sani ya yi shiru shi ma ya shiga laifi. Aka sallami ɗalibai 90, kusan duk manyan 'yan wasa na ciki, har da ɗan Blaik na cikinsa. Ƙungiyar ta rushe a shekara ɗaya. Ana iya cewa an yi tsanani, kuma an faɗa a lokacin. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, da aka zo zaɓe tsakanin kofi da amana, makarantar ta tuna hafsoshi aka ce ta yaye.

Har yau wannan ne ya bambanta su da sauran jami'o'in Amurka, inda ƙwallon ya zama kasuwar miliyoyin daloli. Ɗan wasan soja yana tashi da asuba da kowa, yana zama aji da kowa, in ya gama kuma akwai shekara biyar na aikin soja a wuyansa. Roger Staubach, gwarzon 'yan ruwa da ya karɓi Heisman a 1963, sai da ya yi aikinsa, har da zuwa Biyetnam, kafin ya shiga ƙungiyar ƙwararru ta Dallas Cowboys a 1969. Wasan 1963 ɗin ma yana da nasa tarihin: an ɗage shi da mako ɗaya saboda kisan Shugaba Kennedy, aka buga ranar 7 ga Disamba, kuma a ranar ne aka fara maimaita wa masu kallon talabijin abin da ya faru nan take, abin da yanzu ba a kallon ƙwallo sai da shi. 'Yan ruwa sun taɓa cin shekara 14 a jere, daga 2002 zuwa 2015, ba a fasa cika fili ba.

To, mu fa? Muna da makarantun, muna da wasannin, abin da ba mu da shi shi ne ranar da ake buɗe wa jama'a ƙofa. A Zariya akwai Dafo, inda ake horar da kurata tun 1924, akwai kuma makarantar sakandaren soja ta NMS, wadda ta faro a 1954 da yara 30 ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey, ta yaye irin su Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa. NDA kuwa, wato makarantar horar da hafsoshinmu, an buɗe ta a Kaduna a Fabrairun 1964, shugabanta na farko Birgediya M. R. Varma ne daga Indiya, ta fara ba da digiri daga 1985, ta fara ɗaukar mata a 2011. Tsarinta ya sha bamban da na Amurka a wuri guda mai muhimmanci: sojan ƙasa da na ruwa da na sama duk a makaranta ɗaya suke, kwano ɗaya suke ci. Don haka ba ta da taubashiya a waje. Hamayyar a cikin gida take, tsakanin bataliyoyi, inda ake karawa a ƙwallo da dambe da gudun dogon zango da tsallake shingaye da fareti, a tara maki a fitar da bataliyar da ta zama zakara.

Sunayen bataliyoyin su ne namu alfadarin da bunsurun, kuma a ganina sun fi su nauyi: Mogadishu, Abyssinia, Burma, Dalet. Duk wuraren da sojojin Nijeriya suka yi yaƙi ne a zamanin Hitila. Birget ta 23 ta Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta wuce cikin Habasha. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙin Boma da Japanawa, kuma Dalet can take a ƙasar Boma. Yawancin mutanen nan 'yan Arewa ne, da Hausa ake magana da su a bariki, wasunsu kuwa a tashoshin jirgin ƙasa irin ta Ƙaura, inda dogo ya tsaya tun 1929, suka yi sallama da gida. Yaron da ke ihu yana cewa Burma ta ci Dalet, sunan filin da kakanninmu suka zubar da jini yake kira, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba wai sojanmu bai san darajar wasa ba. Janar Yakubu Gowon mai tsaron gida ne a ƙungiyar ƙwallon kwalejin Barewa kafin ya tafi makarantar hafsoshi ta Sandhurst, kuma a mulkinsa aka karɓi baƙuncin wasannin Afirka a Legas a 1973, Nijeriya ta ci zinaren ƙwallo a kan Gini, aka kuma ƙirƙiro bikin wasanni na ƙasa a wannan shekara don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa. Maƙwabtanku na tsallaken iyaka sun bi wata hanya: AS FAN, ƙungiyar sojojin Nijar a Yamai, tana buga gasar ƙasa da kowa, ta kuma ɗauki kofin ba sau ɗaya ba. Ta sojojin Maroko, FAR Rabat, har kofin zakarun Afirka ta ci a 1985. Amma waɗannan kulob ne na runduna, ba na ɗalibai ba. Da za a tambaye ni, sai in ce a ɗauki wasan ƙarshe na bataliyoyin NDA a kai shi filin Ahmadu Bello na Kaduna sau ɗaya a shekara, ɗalibai su shigo da fareti, iyaye su zo, a nuna a talabijin. Na san akwai maganar tsaro, musamman tun harin da aka kai mazaunin makarantar na Afaka a Agustan 2021. Amma yaron Banga ko na Zurmi bai cika ganin soja ba sai a shingen hanya ko bayan an kai hari, kuma ba ƙaramin abu ba ne ya gan shi sau ɗaya yana gudu bayan ƙwallo, an ci shi, ya miƙa hannu.

Saura maganar ƙanenka. Gaskiya ɗaya ce, ƙwallo ba ya sa a ɗauki mutum a NDA. Ko a Amurka, inda masu horarwa ke bin yara suna zawarcinsu, sai yaro ya ci jarrabawa, galibi kuma sai ɗan majalisar tarayya ya gabatar da sunansa. A nan ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sai ya zauna JAMB ya zaɓi NDA, sai jarrabawar tantancewa ta makarantar, sannan wanda ya haye ya je Kaduna gaban kwamitin zaɓe, a auna tsawonsa, likitoci su bincike shi ciki da waje, a gwada ƙarfinsa, a yi masa tambayoyi baki da baki. Jiha-jiha ake raba guraben, don haka da yaran Zamfara zai yi takara. Akwai iyakar shekaru, a duba sanarwar shekarar a shafin makarantar, kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi yana da hanya, a riƙe aljihu. Inda ƙwallon zai yi masa rana shi ne wajen gwajin gudu, da kuma bayan ya shiga, don shekara biyar ɗin horon makarantar mai numfashi ne ke jin sauƙinsu. Kada ku hana shi buga abinsa da yamma, sai dai ya kula da gwiwa, kada a ba shi labarin Eisenhower a asibiti. Safiya kuma ta Lissafi ce.

In majalisa na son ganin abin daga farko, galibi Asabar ta biyu ga Disamba ake bugawa, ƙarfe uku na yamma agogonsu, wato tara na dare a nan, daidai lokacin zamanku. Ku sa mai wayar ya tanadi caji, don wasan kan ci sama da awa uku, kuma waƙar sai an tashi.